Awon Lamba Bakwai

Shagonta yana layin da ke bayan ma'aikatar harkokin waje, tsakanin mai gyaran agogo da mai buga takardu. Ɗaki ɗaya ne, da kekunan ɗinki biyu, da teburin yanka da ya lotsa a tsakiya don tsufa, da wani madubi mai tsaga wanda ta ƙi canjawa shekara ashirin, wai ai ba fuska ake zuwa dubawa ba, kafaɗa ce. Duk layin Almakashi suke kiranta. Wasu sun ce don almakashin da ba ya barin hannunta ne, wasu suka ce don bakinta ne. Wanda ya taɓa kawo mata yadi ya ce a gama masa gobe, shi ya san wanne ne gaskiya.

Tana da shekara goma sha bakwai mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata keken ɗinki da ƙane ɗan shekara huɗu, Auta. Mahaifinsu ya riga ya rasu tun Auta yana ciki. Da wannan keke ta raine shi, a gindinsa ya koyi tafiya, a gindinsa ya sha duka. Yana da shekara takwas ya faɗo daga katanga ya karya hannun hagu, aka yi ɗorin da bai zauna daidai ba, hannun ya warke ya gaza ɗan'uwansa da inci ɗaya. Tun daga ranar, duk rigar da ta ɗinka masa sai ta rage hannun hagu da inci ɗaya, don kada wani ɗan iska ya lura ya yi masa dariya. Shekara talatin da 'yan kai tana yin haka, ko matarsa sai da ta haihu biyu kafin ta gane.

Auta ya girma ya zama ƙaton mutum, direban babbar mota, mai dariya da dukan ciki. Ƙugunsa inci talatin da takwas. Ciwon sukari ya kama shi, yana yi wa kansa allura safe da yamma, amma in ya shigo shago ya haɗa shayi sai ya juya mata baya kafin ya zuba cokali na uku na sukari.

"Ina ganinka a madubi, munafuki," in ji ta.

"Yaya, wannan madubin naki ai ya tsage, ƙarya yake nuna miki."

Kamfanin da yake wa aiki ya sami kwangilar kai magunguna da kayan asibiti wata ƙasa da sai an tsallake iyaka biyu kafin a isa. A can 'yan bindiga suka tare hanya, suka kwashe direbobi goma sha ɗaya, da Auta a ciki. Ba kuɗi suka nema ba. Cewa suka yi a sako musu mutanensu da ke kurkuku, kuma kowa ya san gwamnatin waccan ƙasar tana iya sa 'yan bindigar su saki direbobin in ta ga dama. Sai wata ƙasa ta uku ta shiga tsakani, aka fara abin da manya suke kira tattaunawa. Wata bakwai ana tattaunawa. Kowace Laraba matan direbobin suna taruwa a ƙofar ma'aikatar da hotunan mazajensu, su sha rana har azahar, sannan wani mai ƙyalli a takalmi ya fito ya ce musu ana ƙoƙari, su yi haƙuri.

Almakashi ba ta taɓa tsayawa tare da su ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai a duk rayuwarta, kuma ba ta ɓoye ba. Ita ke ɗinka wa masinjojin ma'aikatar da masu gadinta kayan aiki shekara ashirin, kuma da wannan kwangilar ake ciyar da 'ya'yan Auta huɗu tun da aka kama shi. Matar da ba ta taɓa haɗiye magana ba, sai ga ta tana haɗiya kullum. Ranar Laraba takan rufe tagar shago ta taka keke da ƙarfi don kada ta ji muryoyin matan. A ma'aikatar kuwa ba wanda ya san tana da ƙane a cikin waɗanda aka kama. Shekara ashirin suna kawo mata wanduna, ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana da dangi. Wa ke tambayar tela danginsa?

Wata Litinin da safe wani jami'in ma'aikatar ya shigo, matashi mai ladabi da layin ke kira Mai Fayil, don ba a taɓa ganin hammatarsa babu fayil ba. Aikinsa shirya tarbar baƙi: wa zai tsaya ina, wa zai fara miƙa hannu, ina masu ɗaukar hoto za su jeru. Ya sa aka sauke bandir biyu na yadi mai ruwan toka a kan tebur.

"Mama, kwat da wando goma sha ɗaya, duk iri ɗaya. Litinin mai zuwa nake so."

"Na su wa?"

"Na wasu baƙi ne."

"Baƙin ba su da ƙafar zuwa in auna su?"

"An riga an auna su. Ga shi nan."

Ya zaro takarda ɗaya ya ajiye. Layi goma sha ɗaya ne, babu suna, sai lamba daga ɗaya zuwa goma sha ɗaya, kowace da awonta. A ƙasa akwai hatimin wani likita da rubutun da ba na ƙasar nan ba. Ta ɗora tabarau tana bi da yatsa kamar yadda ta saba, tana gunaguni cewa wanda ya yi awon nan bai taɓa riƙe tef ba. A layi na bakwai yatsanta ya tsaya. Kafaɗa goma sha tara. Hannun dama ashirin da biyar, hannun hagu ashirin da huɗu.

Wata bakwai ba wasiƙa, ba murya, ba hoto, sai ga shi a takardar awo. Yana da rai, har ya tsaya an auna shi. Ta matsar da yatsa gaba don ta ga ƙugu, ta ga ashirin da tara. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar, lambar ba ta canja ba. Inci tara sun zube daga jikin ƙanenta, mutumin da ba ya kwana biyu babu allura.

"Lafiya, Mama?"

"Lafiya lau. Je ka, za ka samu ranar Litinin."

Ba ta gaya wa kowa ba, ko matar Auta. Tela ya san abin da manyan jaridu ba su sani ba: ba a auna mutum sai ranar tafiyarsa ta tsaya. In har an kai ga ɗora tef a kafaɗarsu, to magana ta ƙare, saura jirgi. Ta shimfiɗa yadi ta ja alli tana waƙa, har mai gyaran agogo ya leƙo ya tambaya ko aure za ta sake.

Ranar Alhamis, huɗu ga wata, Mai Fayil ya dawo.

"Mama, kada ki takura kanki. An ɗaga ranar zuwa ashirin da takwas."

Ba ta bukaci kalanda ba. Kowace katanga a garin tana ɗauke da hoton shugaban ƙasa yana murmushi, da ranar zaɓe a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ashirin da takwas, kwana uku ke nan kafin zaɓe.

"Kuma ki ci gaba da kwat ɗin," in ji shi, yana duba fayil, "amma kada ki yanka wanduna tukuna. Za a sake turo awon ƙugu. Kin san zuwa lokacin wataƙila sun ƙara..."

Shi kansa ya ji abin da ya kusa fitowa daga bakinsa.

"Sun ƙara me, ɗan nan?"

"Awo dai yakan canja, Mama."

Ta ajiye almakashi a hankali, ta je ta tura ƙofa ta jingina da ita. Ta ce masa lamba bakwai ƙanenta ne, ita ta goya shi, ita ta san dalilin da hannunsa na hagu ya gaza. Ta ce ya dube ta da kyau ya gaya mata me ake jira kwana ashirin da huɗu. Mai Fayil ya rufe fayil ɗinsa. Ba mugun mutum ba ne, irin mutanen nan ne da suka saba ganin rayuwa a kan jadawali. Ya yi ƙasa da murya ya ce an sa hannu tun makon jiya. Shugaban waccan ƙasar yana da babban taron shugabanni a birninsa ƙarshen wata, yana son ya miƙa mutanen a gaban baƙinsa don a ga shi mai son zaman lafiya ne. Namu kuma yana son ya tarbe su a filin jirgi ana saura kwana uku zaɓe. Masu shiga tsakani suka duba, suka ga ranar ta yi wa kowa daidai.

"Ta yi wa kowa daidai," ta maimaita. "An tambayi lamba bakwai?"

"Mama, don Allah ki rufa mini asiri. In maganar nan ta fita, mutanen can suna iya fasawa. Suna iya yin abin da ya fi haka. Ki ba ni takardar in tafi."

"Takardar awo kayan aikin tela ce. Sai na gama ɗinki."

Ya fita yana waiwaye. Ita kuwa ta zauna a kan kujerar keke. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba. In ta yi shiru, ƙila Auta ya kai ashirin da takwas ga wata, ƙila bai kai ba. In ta yi magana aka fasa, ita ta kashe shi da bakinta, da shi da mutum goma. Ta aika aka kira matar Auta, ta shimfiɗa mata takardar ta nuna mata layi na bakwai. Matar ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share fuska.

"Yaya, in muka yi magana suka kashe su fa?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba. Amma mutumin da yake son a ɗauke shi hoto yana miƙa su, ba zai so a ɗauke shi hoto da gawarsu ba. Abin da na sani tabbas shi ne wannan." Ta buga yatsa a kan ashirin da tara. "Suna jiran ya ƙara ramewa su turo mini in rage masa wando. Ni ba zan zauna ina rage ƙanena inci-inci ba."

Matar Auta ta daɗe tana kallon takardar. Daga baya ta tashi ta ɗaura zani da kyau, ta tambaya ina dutsen guga yake.

Kwana biyar suka yi a kai. Almakashi tana yanka tana ɗinki, matar Auta tana saka maɓalli tana guga. Ba ta jira wani sabon awo ba, ta gama kwat goma sha ɗaya da wandunansu, ta maƙala wa kowanne lambarsa da allura a aljihun ƙirji. Aikin ya yi kyau ƙwarai, don ko a fushi ba ta iya ɗinkin banza.

Ranar Laraba, karo na farko a wata bakwai, ta bar tagar shago a buɗe ta fita. Mai gyaran agogo da mai buga takardu suka taya ta ɗaukar kayan a hanga har ƙofar ma'aikata. Matan suna zaune a gindin katanga da hotunansu. Ta rataye kwat ɗin ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙarafan shinge, ta juyo.

"Kowace ta zo ta nemi mijinta."

Da farko ba su gane ba. Sai wata doguwar mata ta taso ta tsaya gaban lamba uku, ta auna faɗin kafaɗar da tafin hannunta, ta saki ƙara. Wata tsohuwa ta gane ɗanta da gajartar ƙafar wando. Kafin a ce me kowace ta rungume kwat ɗin da babu kowa a ciki, masu wucewa sun tsaya, motoci sun cushe titi. 'Yan jaridar da suka gaji da labarin tun watanni suka fara sauka daga motoci da gudu.

Almakashi ta hau kan dakalin mai gadi, wanda kayan jikinsa ma ita ta ɗinka, don haka ya kau da kai kamar bai gan ta ba. A hannun dama ta ɗaga tsohon wandon Auta da ta taho da shi, a hagu ta ɗaga sabon. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, ɗaya zai iya haɗiye ɗaya.

"Wannan ƙanena ne da ya tafi, wannan ƙanena ne yau," ta ce, muryarta har tsallaken titi. "An gama magana, an sa hannu, an auna su. Kaya ga su nan na gama. An ce in jira ashirin da takwas ga wata. Ku da kuka yi karatu, ku gaya mini me ke faruwa bayan kwana uku da ranar. Ni tela ce, ban san siyasa ba. Na dai san ba a ajiye mai ciwon sukari a daji don a jira mai ɗaukar hoto."

Mai ƙyalli a takalmi ya fito ya ce mata ta sauka, tana wasa da rayukan mutane, kuma ta sani daga yau ba ita ba aikin ma'aikata.

"Yallaɓai, wandon masinjanka ma da ke bayanka ni na yi masa zif. Ku kai wa wanda kuka ga dama. Ku dai kawo mana mutanenmu."

Da yamma hoton wanduna biyun ya zaga ko'ina, har waccan ƙasar. Ma'aikata ta fitar da sanarwa cewa babu wata yarjejeniya, kuma masu yaɗa jita-jita su za su ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya. Daga nan sai shiru. Kwana biyar ba labari. Waɗannan kwanaki su ne mafi tsawo da Almakashi ta taɓa gani. Wasu daga cikin matan da suka rungume kwat ranar Laraba suka daina amsa gaisuwarta. Ɗaya ta zo har shago ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in aka taɓa mijinta ba za ta yafe mata ba duniya da lahira. Almakashi ta san matar tana da gaskiyarta. Abinci ya ƙi shiga. Amma da wani ɗan jarida ya tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta ce ya tambayi masu kalanda.

Abin da ya faru a ɗakunan manya, ba wanda ya zo ya gaya wa tela. Abin da aka gani dai shi ne, bikin da aka shirya ya lalace tun kafin a yi shi. Shugaban can ba zai iya miƙa su a gaban baƙi ba tare da an tambaye shi me ya sa ya riƙe su ba, namu kuma duk inda ya je neman ƙuri'a sai an ɗaga masa wando. Tun da ranar ta daina yi wa kowa amfani, sai aka tuna akwai wasu ranaku a wata. Sha biyar ga wata, Litinin da hantsi, wani ƙaramin jirgi ya sauka. Babu jan kafet, babu 'yan badujala, shugaban ƙasa yana can wani gari yana buɗe gada. Sanarwa ta ce an gaggauta ne saboda dalilan jinƙai.

Goma suka sauko da ƙafarsu. Auta a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka sauko da shi, aka wuce da shi asibiti kai tsaye. An yanke masa yatsu biyu a ƙafar dama. Likitan da ya yi aikin ya ce wa matarsa da an ƙara mako biyu, ba asibiti za a kawo shi ba. Almakashi tana tsaye a bayanta ta ji, ta jingina da bango, ta yi kukan da ta riƙe wata bakwai, ba ta damu da masu kallo ba.

Da ya farfaɗo ya gan ta, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, an ce kin nuna wa duniya wandona."

"Na nuna. Da ka wanke shi kafin ka tafi da ban ji kunya ba."

Kwangilar ba ta dawo ba, kuma ba wanda ya gode mata a hukumance. Ta sayar da keke ɗaya ta riƙe ɗaya, ta koma ɗinkin 'yan makaranta da facin gwiwa. Matar da ta ce ba za ta yafe mata ba takan wuce ta ƙofar shagon da mijinta, ta gaishe ta a kunyace. Mai Fayil an mayar da shi ɗakin ajiye tsofaffin takardu. Ya daɗe yana canja hanya don kada ya bi ta shagon, sai wata rana ya shigo da wandonsa da aljihu ya yage, ta karɓa ta ɗinke, ba wanda ya tayar da maganar.

Kwat ɗin ta raba wa masu su, tun da da awonsu aka yi. Bayan wata uku Auta ya shigo shago yana dogara sanda, sanye da wandon nan mai ruwan toka, yana mita.

"Yaya, hannunki ya fara tsufa. Wandon nan ya matse ni, kuma ta baya da gefe kamar an cusa tsumma. Wane irin ɗinki ne wannan?"

"Ya matse ka?"

"Ko numfashi ba na yi."

"Shiga bayan labule ka miƙo mini."

Ta juya wandon ciki ya koma waje ta shimfiɗa a tebur. Auta ya leƙo ya gani. A gefe biyu da baya, yadi ne a ninke, an kwantar da shi an bi da zare. Sauran goman ta yanka su yadda takarda ta ce. Nasa kuwa, tun ranar da take yanka ba ta san ko zai dawo da rai ba, a talatin da takwas ta yanka shi, ta ninke inci tara a ciki.

Ta sa bakin almakashi ta farke ɗinkin baya, ta saki inci ɗaya, ta hau keke ta mayar, ta cilla masa ta saman labule.

"Saura takwas," ta ce. "Je ka ci abinci. Kuma cokali ɗaya, ina ganinka a madubi."